Mu da Kayan Kwatano

Mu mutanen Haɗeja ba mu da teku. Ruwan da muka sani shi ne kogin nan da yake gangaro mana daga ƙasar Kano, ya ratso Wudil da Ringim, ya zo ya baje a fadamunmu kafin ya nufi Nguru da Gashuwa. Da yawanmu ba mu taɓa ganin jirgin ruwan dakon kaya ido da ido ba. Amma ka zauna a kowace majalisa a garin nan bayan sallar isha'i, kafin mai shayi ya zuba zagaye na biyu za ka ji an ambaci Kwatano. Motar da wane ya shigo da ita 'yar Kwatano ce. Dilar gwanjon da aka kwance jiya a kasuwa daga can ta taso. Kuɗin shanshera ya faɗi, to lalle an sake buɗe wa kayan Kwatano ƙofa. Gari ne can bakin teku a Jamhuriyar Benin, tafiyar kwanaki a babbar mota, amma sunansa ya zauna a bakinmu kamar Gumel ko Kafin Hausa.

Hanyar ma mun haddace ta, ko da ba mu taɓa bin ta ba, don direbobinmu sun bi sun ba mu labari. Yadda abin yake kafin 2023 shi ne, jirgi ya sauke kwantena a tashar Kwatano, a rubuta a takarda cewa kayan na Nijar ne, tunda Nijar ba ta da teku, dole ta ari bakin ruwan maƙwabta. Tirela ta ɗauka ta yi arewa, ta wuce Paraku, ta kai Malanbil, ta haye gadar kogin Kwara ta faɗa Gaya. Daga nan sai Doso, sai Ƙonni, sai Maraɗi, wasu su zarce Damagaram. A waɗannan garuruwan kayan suke sauka a manyan ɗakunan ajiya, su kwana biyu, sannan su juyo kudu da kaɗan-kaɗan. Na Ƙonni su shiga ta Illela, na Maraɗi ta Jibiya, namu na nan gabas su biyo ta Magarya da Dungas su ɓullo ta Ɓaɓura da Maigatari. In kaya sun zo Maigatari kuwa ai sun zo gida, Gumel ce kawai da Malam Madori a tsakani.

Baƙo zai ce wannan wace irin wahala ce, kaya su zagaye ƙasa biyu kafin su shigo ta uku, alhali ga Legas da tasharta? Haraji ne ya jawo. Najeriya takan ɗora wa wasu kaya harajin kwastan mai nauyi, ko ta hana shigo da su ɗungurungum, don ta kare manomanta da masana'antunta. Benin kuwa nata harajin da sauƙi, kuma baitulmalinta ya dogara ƙwarai da abin da tashar take kawowa. Nijar ma tana karɓar nata a kan kowace mota da ta ratsa. Don haka duk sa'ad da Abuja ta tsananta, sai kasuwar Kwatano ta buɗe. A 2013 harajin shinkafar waje a Najeriya ya kai kashi 110 cikin ɗari, nan da nan jiragen shinkafa suka karkata can. Har ta kai a 2017 da 2018 Benin, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 12 ba a lokacin, ita ce kan gaba a duniya wajen sayen shinkafar Tailan. Kuma akasarin abin da ake saukewa turararriya ce, irin wadda mu 'yan Najeriya muke so, su mutanen Benin fara suka fi ci. Kowa ya san tukunyar da aka auna wa wannan shinkafa.

Abin ba yau ya fara ba. Dattawanmu suna tuna zamanin Shagari, lokacin da shinkafar waje ta cika kasuwa har aka riƙa ce mata 'yar gwamnati, tamu kuma 'yar Hausa. Suna tuna rufe iyakar da Buhari ya yi a 1984, wanda ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. Suna tuna Babangida ya hana shigo da shinkafa a 1985, alkama kuma a 1987. Alhazan Maraɗi da suka yi suna, da yawansu a wannan zagaye suka kafu, da taba sigari da atamfa. Kafin duk wannan ma muna da hulɗa da teku, sai dai a wancan zamani mu ne masu aikawa. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori da Birniwa ya bi, gyaɗarmu da fatunmu yake kwasa zuwa Legas.

To ga inda zancen ya shafe mu kai tsaye. Mu manoman shinkafa ne, damina da rani. Ka fita ta wajen Auyo, ko ka yi gabas ta Kirikasamma da Guri, za ka ga kore shar iya ganinka. Mu ne muke sammako mu tayar da injin ban-ruwa, mu shiga taɓo mu yi dashe, yaranmu su wuni suna kaɗa gwangwani suna korar jan-baki. Mu yanka da lauje, mu buga a jikin duro, mu sheƙe, mu ɗura a buhu. In kana son ka ga ɓacin ran Bahaɗeje, ka ce masa an shigo da 'yar waje ana dab da girbi. Amma mu ɗin nan dai, ranar da biki ya tashi a gidanmu, wace shinkafa muke aikawa a sayo?

Wani dattijo maƙwabcinmu, manomi tun tasowarsa, na ji shi yana faɗa a zaure saboda an ce a sayo buhun 'yar waje na walimar 'yarsa, ga ɗakinsa maƙare da shanshera. Sai ƙanwarsa, wadda girkin yake hannunta, ta leƙo ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Gari guda za mu ciyar. In na ce sai na tsince taka na rege ta, har la'asar ba mu ɗora tukunya ba. Kuma in baƙo ya tauna tsakuwa, ba kai za a zaga ba, ni za a zaga." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To, Hajiya, a yi yadda kika ce." Aka sayo.

Ni ban ga laifinta ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mace tana regen shinkafa ya san aikin. Ta baza a faifai ta tsince baƙi-baƙi da ɗan ɓawon da inji ya bari. Ta zuba a ƙwarya da ruwa, ta karkata ta tana juyawa a hankali, shinkafar tana gangarawa cikin wata ƙwaryar, yashi da tsakuwa suna kwantawa a gindi. Ta zubar, ta sake, har sai ta shafa gindin ƙwaryar ta ji sumul. Kwano ɗaya ke nan. Ka lissafa buhu. Ita kuwa 'yar waje a farke buhu, a ɗauraye, a zuba. Ba don ta fi daɗi muke sayenta ba, wannan kowa ya yarda. Tamu sabuwa ce, tana da ƙamshi da gardi, in aka yi tuwo da ita ko garau-garau ba a haɗa su, ita kuwa waccan ba wanda ya san shekarar da aka girbe ta. Tsabta ce ta sayar da ita. Tsakuwar kuma ba daga sama ta faɗo ba. Mu ne muke bugu a ƙasa ba shimfiɗa, mu ne muke shanya a gefen titi, wasunmu ma, Allah ya shirye mu, ba sa damuwa in ƙasa ta ƙara wa buhu nauyi.

Alhamdu lillahi wannan ya ragu sosai. Tun daga 2015, da Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa dala, aka kuma ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Kebbi, injinan casa na zamani masu cire tsakuwa suka yawaita a Kano da Jigawa, har nan Haɗeja. A farkon 2016 a kwarin nan namu kamfanin Dangote ya ƙaddamar da shirinsa na manoman shinkafa. Rancen nan dai mu faɗa wa juna gaskiya, wasunmu sun karɓa sun noma sun biya, wasu kuma sun ɗauke shi rabonsu ne daga gwamnati. Amma shinkafar ta gyaru. Yau akwai 'yar gida da in aka zuba maka a tafin hannu ba za ka bambanta ta da ta Tailan ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu 'yan kasuwa suka gane halinmu: sai su ɗauki wannan shinkafa tamu, wadda wataƙila a Auyo aka nome ta, su ɗura a buhu mai rubutun waje, mu kuma mu biya ƙarin kuɗi muna murna mun sayi mai kyau. Manomin da ya sha rana bai ga ko sisi daga wannan ƙarin ba.

Gwanjo kuma ba a magana. Sanyin bakin kogi ba wasa ba ne, in hunturu ya kama, rabin garin nan rigar sanyin da ke jikinsa ta taɓa zama a jikin wani a Turai ko Amurka. Ranar da za a kwance sabuwar dila, tun kafin mai ita ya yanke ɗaurin an kewaye shi. Yana yankewa ta buɗe, wannan warin maganin nata ya tashi, hannuwa su yi ciki. Masu sari su fara zaɓe na farko, sannan a bar wa sauran jama'a. Uwa tana ɗaga 'yar riga tana gwadawa a bayan ɗanta, tana cewa a rage mata, mai kaya yana rantsuwa bai mayar da uwar kuɗi ba. A dokar Najeriya shigo da gwanjo haramtacce ne, amma wa zai kalli mai 'ya'ya bakwai ya ce masa ya je kanti? Sai dai idan muna zaɓe mukan manta cewa akwai lokacin da 'yan garin nan suke tafiya aikin masaƙa a Bompai da Sharaɗa da Kaduna, suna aiko wa iyaye kuɗi. Yawancin masaƙun nan sun rufe. Rashin wuta ya taimaka, amma atamfar Sin da ke biyo wannan hanya ta sauka a Kantin Kwari ita ma da hannunta a ciki. Mota kuwa tun Janairun 2017 aka hana shigo da ita ta iyakar ƙasa, amma har gobe in mutum zai yabi motarsa cewa yake 'yar Kwatano ce, ba a taɓa hawanta a nan ba.

Waɗanda na fi tausayi a duk wannan harka su ne 'yan fito. Ba su ne masu kayan ba. Mai kaya yana gida a kwance, waya kawai yake amsawa. Yaro ne ɗan shekara ashirin zai ɗaure buhu uku ko huɗu a babur, ya kashe fitila, ya faɗa cikin turɓaya da dare, ana biyansa a kan kowane buhu. In ya tsira ya samu na cefane. In aka tare shi babur ya tafi. In ya faɗi da wannan nauyi, ƙafa ce ko baya. An rasa rayuka a irin wannan guje-guje, a ɓangaren yaran da ɓangaren jami'ai, kuma duk 'ya'yan talakawa ne. Akwai wani a unguwarmu da kawunsa manomi ya tsare shi a majalisa yana cewa, "Kai yanzu ba ka jin kunya? Kai ne kake karya mana kasuwa." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ka ba ni gona da buhun taki biyu, wallahi gobe in jingine babur ɗin nan." Ba wanda ya tanka, don duk wanda ke wurin ya san kuɗin hayar gona a fadama yanzu, ya kuma san kuɗin taki.

Shi ya sa in ana gardamar rufe iyaka majalisarmu takan rabu biyu, wani lokaci ma mutum ɗaya ne yake rabuwa biyu. Da aka rufe a watan Agustan 2019, manomi ya dara. Shanshera ta yi daraja, masu injin casa suka riƙa biyo mu har gona da kuɗi a hannu, ma'aikata da 'yan kasuwa suka shiga noman rani, mutane suka yi rufin kwano, suka yi aure, wasu suka biya Makka. Wannan gaskiya ce, mun gani da idonmu. Amma a daidai wannan lokaci wanda ba ya noma yana sayen kwano da tsada. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wadda shanu da raƙuma da tumaki suke kwararowa cikinta daga Nijar, ta yi sanyi. Aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen garuruwan bakin iyaka suka sha wuya ba su ji ba ba su gani ba. Su kuma na tsallaken ai ba baƙi ba ne. Akwai mai gona a can gida a nan, akwai wadda aka aurar can iyayenta suna nan, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Da aka tashi buɗewa a Disambar 2020, Maigatari tana cikin iyakoki huɗu na farko, tare da Seme da Illela da Mfum, kuma har manoman da suka ci ribar rufewar sun ce alhamdu lillahi.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Nijar kuma ta ƙi buɗe tata iyakar da Benin, gadar Malanbil ta zama ba shiga ba fita, mutane suka koma tsallakar da kaya a kwalekwale, manyan motoci suka karkata tashar Lome ta Togo, suna ratso Burkina Faso da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kaya suka ƙara kuɗi. Ga naira ta faɗi warwas a gaban saifa, sai ciniki ya juya: mutumin Nijar ya shigo da 'yan kuɗinsa ya canza, ya ga geronmu da masararmu sun yi masa araha, ya loda. Mu da muke kukan kaya suna shigowa, sai ga mu muna kukan abinci yana fita. Da tsadar ta yi tsanani, a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shinkafa da masara da alkama. Mai saye ya samu sauƙi, ba mu yi masa baƙin ciki ba, ɗan'uwanmu ne. Amma a 2025 shanshera ta faɗi, alhali taki da fetur da maganin feshi suna nan a sama. Mutum ya noma da man da aka cire wa tallafi, ya zo ya sayar a farashin da bai mayar masa da kuɗinsa ba. Na san gonaki da aka bari ba a dasa ba saboda haka.

Kada a ce mu masu karɓa ne kawai. Riɗin ƙasar nan yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Zoɓon da matanmu suke ɓarewa a tsakar gida har Meksiko ake shan sa. Kasuwar kifinmu, masu saye daga kudu ba sa yankewa, suna lodin banda, har da busassun kwaɗin da mu ba ma ci amma mun iya cinikinsu. Sai dai kusan duk abin da zai haye teku sai ya bi ta hannun wasu, a Dawanau ko a Legas, a can ake tacewa a ɗura a sa masa suna, a can kuma ribar take tsayawa. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari, kuma har yau muna jiran ranar da zai cika da motoci yadda aka yi mana fata. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano a 2023. An aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, da reshe zuwa Dutse. Muna murna da su duka, muna kuma tambaya a majalisa, shi tsohon layinmu na Nguru fa, wanda ya bi ta ƙofar gidanmu?

Ni dai a nawa ganin, mun fi ɓata lokaci a kan ƙofar da ba mu ke riƙe da makullinta ba. A Abuja ake rufewa, a Yamai ake buɗewa, mu sai dai mu ji a rediyo. Abin da ke kusa da hannunmu shi ne abin da ke sa buhunmu ya yi tsada tun yana gona. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin nan ta canza, kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya nutse, ta kuma zama gidan kwanan jan-baki. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki ana dab da yanka. Wanda ya ga yadda garin nan ya fito a 2022, malami da ɗan kasuwa da ɗan acaɓa, kowa da shebur da buhun yashi ana tare jinga dare da rana, mata suna aiko da abinci, ya san in mun ga dama muna iya haɗa kai. Irin wannan fitowar muke bukata a kan kacala, gayya bayan gayya, hukuma ta kawo injinan yasa, mu mu kawo ƙarfi. A samu injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana ya wadata, don fetur shi ne yake cinye ribar noman rani. Tamfol kuwa ba sai mun jira kowa ba, mutum biyar za su iya haɗa kuɗi su saya, su daina bugu a ƙasa.

Shi dattijon nan maƙwabcinmu ya riga ya sayi nasa tamfol ɗin, shi da 'ya'yan ƙaninsa. Ya ce bana gonar biyu zai raba ta, rabi alkama rabi shinkafa, saboda ba zai sake zuba duk abin da ya mallaka a kan farashin da bai san wanda zai yanke shi ba. Shinkafar da za a ci a gida kuma ya ce zai kai ta injin da ke cire tsakuwa ko da kuɗin casar ya fi, don akwai wata 'yar tasa da aka sa wa rana bayan girbi, kuma ya riga ya gaya wa Hajiya ta zo ta duba buhun da kanta kafin a yi maganar aike kasuwa.